Cigong da Ciwon da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan ciwo ya haura wata 3 bai saki mutum ba, likitoci sukan daina kallonsa a matsayin alamar wata cuta kawai, ya zama matsala mai zaman kanta. Ciwon baya, ciwon wuya da ciwon gwiwar manya duk suna cikin wannan sahu. Ciwon ƙugu kaɗai ya addabi mutum miliyan 619 a shekarar 2020, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Yawancin masu fama da shi ƙwaya suke nema, kuma ƙwaya tana da ranarta. Sai dai diklofenak da ibuprofen, in aka daɗe ana sha, suna iya ɓata ciki da ƙoda. Tiramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu. Wannan ne ya sa ya dace a san wata hanya da Sinawa suka daɗe suna bi, wato qigong, wadda ake furtawa cigong.

Motsa jiki ne a hankali, ana haɗa shi da numfashi mai zurfi da tattara hankali wuri ɗaya. Ba gudu, ba tsalle, ba ɗaga ƙarfe. Tushensa tsoho ne ƙwarai. A 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sami ƙyallen siliki ɗauke da zanen mutum 44, maza da mata, kowa yana miƙa jiki ta irin tasa siga. Amma cigong na asibiti ɗan baya-bayan nan ne: wani mai suna Liu Guizhen ne ya yaɗa shi a shekarun 1950, a gidajen jinya na Tangshan da Beidaihe. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi koyarwa shi ne Baduanjin, mai motsi 8. A na farko, mutum ya sarƙe yatsu ya ɗaga hannuwa sama kamar mai tallabar rufin ɗaki. A na biyu ya yi tsayuwar maharbi yana ɗana baka. A wani ya waiwaya baya sannu a hankali, a na ƙarshe ya ɗaga dugadugai ya sauke. Duka-duka bai kai kwata na awa ba, kuma akwai na zaune ga wanda tsayuwa take yi wa wuya.

Malaman gargajiya na Sin sun ce motsin yana buɗe hanyoyin wani ƙarfi mai zagaya jiki. Kimiyya ba ta gano wannan ƙarfi ba, kuma ba sai mutum ya yarda da shi zai amfana ba. Bayanin likitoci ya fi gamsar da ni. Ciwon da ya daɗe yakan sa jijiyoyi su zama masu saurin firgita, kamar karen gidan da ɓarayi suka taɓa shiga, ko ganye ya faɗi sai ya yi haushi. Mai ciwon sai ya ji tsoron motsi, ya rage tafiya, ya daina sunkuyo. Tsokoki su yi rauni, gaɓoɓi su sandare, barci ya lalace, ciwon ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Mutumin da ya shiga wannan hali, in ka ce masa ya je ya yi gudu ka yi masa zancen da ba zai yiwu ba. Amma zai iya ɗaga hannu yana shan iska a hankali, kuma daga nan jiki yake fara yarda cewa motsi ba hatsari ba ne. Amfanin cigong ke nan a wurina: ƙofa ce mai sauƙin shiga ga wanda ciwo ya raba shi da motsi.

To, me bincike ya nuna? A asibitin Charité na Berlin an gwada shi a kan mutum 123 masu ciwon wuya, aka buga sakamakon a 2011: masu cigong sun fi waɗanda ba a yi wa komai ba samun sauƙi, amma ba su fi masu atisayen asibiti na yau da kullum ba. A Jami'ar Dalhousie ta Kanada, a 2012, an koyar da mutum 100 masu faibromayaljiya, wato ciwon da ke game jiki duka tare da gajiya da rashin barci. An nemi su yi minti 45 zuwa 60 kullum har mako 8, kuma waɗanda suka dage su ne suka fi samun sauƙin ciwo da barci. A gefe guda kuma, wani gwajin na Berlin a 2016, kan tsofaffi 176 masu ciwon baya, bai nuna cewa cigong ya rage musu ciwo fiye da waɗanda ba su yi ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma wanda ake gwadawa ya san abin da yake yi, don haka fatansa kan shiga cikin sakamakon. Taici, ɗan'uwan cigong, ya fi shi hujja: ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta sanya shi a 2017 cikin abubuwan da za a fara da su kafin magani ga mai ciwon baya da ya daɗe. Duk wanda ya ce muku cigong yana warkar da kowace cuta, ko malami zai tura muku waraka da tafin hannunsa ku biya shi, ku riƙe kuɗinku.

Wasu za su tambaya ko ibada ce. Gaskiya ne ya yi cuɗanya da addinan Tao da Buddha a tarihinsa, amma wanda ake koyarwa don lafiya miƙa jiki ne da numfashi, ba addu'a, ba rusuna wa kowa.

Kafin ku fara, likita ya duba ku. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, na asibiti ne a ranar, domin yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, ko daji, ko jijiya da ta danne. Mai sikila da ciwo ya taso masa ma haka. Kada kuma a ajiye maganin da likita ya rubuta ba da saninsa ba.

In an ba ku dama, ku fara da minti 10, da safe ko bayan la'asar, a ƙasa mai laushi da ba santsi. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada a tilasta wa gaɓa ta wuce inda ta tsaya. Ɗan tsamin jiki ba komai ba ne. Ciwo mai suka ko jiri na nufin a dakata. Bidiyoyin Baduanjin suna nan a YouTube kyauta, amma in akwai likitan gashi a asibitinku, ku nuna masa ya cire muku motsin da bai dace da ku ba. Ku ba shi mako 8 kafin ku yanke hukunci, kuna lura da barcinku, da nisan da kuke iya takawa, da yawan ƙwayar da kuke sha a mako.