Waƙar "Zombie": Kukan Zabiyar Ailan Saboda Yara Biyu

Mai karatu, in ka ji an ce "Zombie", mai yiwuwa hankalinka ya tafi ga marigayi Fela, wanda ya yi wa sojoji zambo da wannan suna. To, akwai takwararta ta ƙungiyar mawaƙan The Cranberries, mutanen birnin Limerick na ƙasar Ailan, wadda asalinta mutuwar yara biyu ce.

Ran 20 ga Maris, 1993, 'yan ƙungiyar IRA, masu neman raba Ailan ta Arewa da mulkin Birtaniya da ƙarfin makami, suka dasa bama-bamai biyu cikin kwandunan shara a wani titin kantuna na garin Warrington a Ingila. Ranar Asabar ce, titi maƙil da masu sayayya. Wani yaro ɗan shekara 3 ya mutu nan take, ɗan shekara 12 kuma ya cika bayan kwana biyar, mutum fiye da 50 suka yi rauni.

Abin ya sosa ran zabiyar ƙungiyar, Dolores O'Riordan, domin da sunan ƙasarta aka zubar da jinin. Sai ta tsara waƙar tana barrantar da kanta daga makasan. Shi "zombie" gawa ce mai tafiya babu tunani, sai inda aka juya ta. Watau mutumin da tsohuwar gaba ta cinye wa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ta ambaci 1916, shekarar tawayen Dublin. Da can an san ƙungiyar da kiɗa mai sanyi, amma a nan jita ta yi ruri, muryar Dolores tana karyewa kamar ta mai makoki.

Faifan ya fito cikin Satumba, 1994, makonni kaɗan bayan IRA ta tsagaita wuta. Wasu suka zarge ta da cewa 'yar kudu ce, ba ta ɗanɗani wahalar da 'yan Katolika na arewa suka sha a hannun sojan Birtaniya ba. Zargin ba ya rasa ƙamshin gaskiya, sai dai a ganinmu bai amsa tambayarta ba: me yaran suka yi?

A 1998 aka gayyaci ƙungiyar ta yi waƙa a Oslo, wajen bikin kyautar Nobel da aka ba John Hume da David Trimble. Dolores ta rasu a London cikin Janairu, 2018, tana da shekara 46. A 2023, da magoya bayan Ailan suka ɗauki waƙar a filin wasan rugby na Paris, tsohuwar gardamar ta sake tashi.