Tallafin Cutar Daji Ga Ma'aikatan Kashe Gobara A Amurka

Ma'aikatan kashe gobara na shaƙar hayaƙin robobi, fenti da katako da aka sa wa magani, kuma toka mai guba na maƙalewa a tufafinsu har ta ratsa fata. A shekarar 2022, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan aiki cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji (kansa), musamman ta mafitsara da ta tantanin huhu.

Matsalar ita ce cutar kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, don haka da wuya ma'aikaci ya tabbatar wace gobara ce sanadi. Shi ya sa jihohin Amurka da dama suka yi dokar da ke ɗauka cewa aikin ne ya jawo cutar, sai dai in an kawo hujjar akasin haka. Kalifoniya ce ta fara a 1982.

A Fulorida, dokar 2019 ta lissafa nau'o'in kansa 21. Wanda ya yi shekara biyar yana aiki, bai sha taba ba a tsawon wannan lokaci, idan ya kamu da ɗaya daga cikinsu ana ba shi dala 25,000 a dunƙule, kuma ana biyan kuɗin maganinsa.