Baba Ba Da Gangan Yake Yi Ba

"Ai yana ji sarai, abin da ya ga dama yake amsawa." Haka ake faɗa a gidaje da yawa idan tsoho ya fara yawan "Na'am?" da "Me ka ce?" Wannan zargi babu adalci a cikinsa.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Shekaru na tafiya suna lalacewa, wadda ta mutu kuma ba ta sake tsirowa. Masu kama siririn sauti su ke fara tafiya. Shi ya sa Baba zai ji ƙarar babur daga bakin titi, ya ji kiran salla, amma maganar jikarsa ta wuce shi. A ɗaki shi da mutum ɗaya hira za ta yi daɗi. A wajen ɗaurin aure kuwa sai dai ya riƙa gyaɗa kai yana murmushi, bai san me ake cewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai takura rayuwa.

Ba tsufa kaɗai ba ne. Shekarun da aka kwashe a gaban injin niƙa ko janareta suna da nasu kaso, haka hawan jini da ciwon suga, da allurai irin su gentamicin da ake yi barkatai a kemis.

Abin tausayin, a hankali tsohon zai daina zuwa majalisa, ya koma shiru a ɗaki, sai a ce ya rikice.

Ihu ba ya taimako, kunyata shi kawai yake yi. A kashe rediyo, a fuskance shi, a yi magana a natse. Kada a ɗiga masa man ja ko a cusa tsinken ashana a kunne. Wani lokaci datti ne ya toshe kunnen, likita ya cire shi cikin 'yan mintuna. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa ma suna gwajin ji. Na'urar ji tana da tsada, don haka a yi gwaji kafin a saya.

Idan kuwa kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, wannan ba tsufa ba ne. A tafi asibiti a ranar.