Yadda Ake Haɗa Makashin Inji a Keke Mai Inji da Babur

Manoman rani na Nasarawa Gwom, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, masu lambuna a gaɓar kogin Dilimi da bakin tsofaffin ramukan kuza, sun dogara ƙwarai da ƙananan injina: wanda ke jawo ruwa, da wanda ke fitar da kabeji, latas da karas daga lambu a kama hanyar kasuwar Farin Gada. Dokar hana acaɓa da aka kafa a Jos ba ta raba manomi da babur a hanyoyin gona ba. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya sayen ɗan inji ƙirar ƙasar Sin ya ɗaura wa kekensa. Abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a duk waɗannan shi ne makashin inji.

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, hanyoyinta kuwa hawa ne da gangara. Ƙurar hunturu da tsatsar damina sukan shiga wayar totur har ta maƙale a buɗe. Idan haka ta faru a gangara, ga buhuna a baya, birkin keke ba zai iya da ƙarfin inji ba, domin ba don haka aka ƙera shi ba. Ke nan dole a sami maɓalli kusa da babban yatsa, wanda za a danna ba tare da an saki hannu ba. Fizge hular filogi da wasu ke yi ganganci ne: wutar wurin takan haura bolt 10,000, tana iya lalata koyil, tartsatsinta kuma yana iya kama fetur.

Ya kamata malamin gona ya fara fahimtar da manomi abu guda. Injin keke ba shi da batir. Maganaɗisun da ke juyawa a cikinsa shi ke samar da wuta. Saboda haka makashi ba yanke wuta yake yi ba, karkatar da ita yake yi zuwa jikin ƙarfen inji, filogi ya rasa tartsatsi, inji ya mutu. Maɓallin da ya dace shi ne irin na ham, wanda ba ya haɗa waya sai an danna.

A yawancin injinan keke, wayoyi uku ne ke fitowa: shuɗiya, baƙa da fara. Shuɗiya tana haɗuwa da shuɗiyar akwatin wuta, wanda makanikai ke kira CDI, baƙa kuma da baƙa. Makashi yana da waya biyu. A sa ɗaya a mahaɗar shuɗiya, ɗaya a mahaɗar baƙa. Ko wacce aka sa a ina, duk ɗaya ne. Farar waya ta ƙaramar fitila ce mai kimanin bolt 6. Wasu takardun da ke zuwa da inji sun ce a haɗa makashi da ita, amma ya fi kyau a naɗe bakinta sosai a ɗaure ta gefe, domin da ta taɓa ƙarfe inji ba zai tashi ba.

Akwai makashi mai waya ɗaya, wanda ke dogara da ƙarfen hannun keke. Wannan ba abin yarda ba ne, domin fenti, tsatsa da giris ɗin wuyan keke suna tare wuta. A ƙara masa waya ta biyu, a kai ta wani noti a jikin inji, a kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure. A bi da wayoyi nesa da salansa da sarƙa, a bar musu ɗan rara yadda juya kan keke ba zai tsinke su ba. Murɗa waya da hannu kawai ba ya jure girgiza. A like ta da dalma, sannan a naɗe.

A babur sai an yi hattara. A masu tsarin waya irin na Honda, baƙa mai farin layi ita ce ta kashe inji, koriya kuma ta jikin ƙarfe. To amma akwai baburan da akwatin wutarsu daga batir yake sha, kuma a irinsu yanke wutar ake yi. Wanda ya haɗa wayar batir da ƙarfe zai ƙona fis, ko ma wayoyin. Kada a dogara da launi kaɗai, a kai wa mai gyaran waya ya auna. Injin ban-ruwa na fetur kuwa tsarinsa ɗaya da na keke, jan maɓallin gefensa wuta yake kaiwa jikin ƙarfe.

Bayan an gama, a ɗaga ƙafar baya, a tayar da inji, a danna maɓalli a riƙe har ya tsaya cak. Idan aka saki da wuri zai sake kamawa. A gwada yana ƙaramar wuta, a kuma gwada an murza totur. Idan bai mutu ba, a duba inda aka ɗaure waya a jikin ƙarfe. Idan kuwa inji ya ƙi tashi bayan haɗin, ko bayan ruwan sama, a zare wayar makashi daga shuɗiya a sake gwadawa. In ya tashi, ruwa ne ya shiga maɓalli ko waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ba sai an kashe kuɗi an sayi sabon koyil ba.