Ko Kun Sani?

Jakar iskar da ke ɓoye a sitiyari da gaban fasinjan gidan gaba ita ce ta jawo kiranyen motoci mafi girma a tarihin Amurka. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da sinadarin ammonium nitrate wajen hura jakar. Zafi da danshi na shekaru kan lalata sinadarin, sai gwangwanin da ke ɗauke da shi ya tarwatse lokacin haɗari, ya feshe mutum da gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. An kira jakunkuna kimanin miliyan 67 domin sauyawa kyauta, Takata kuwa ya durƙushe a 2017.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin Honda da Toyota 'yan Kwatano da muke hawa cikin zafin nan namu. Mai motar da ta fito daga Amurka sai ya duba lambar shasinta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, don ganin ko tana cikin waɗanda aka kira.