Hanyar keke tsakanin teku da gonaki a ƙasar Holand

A wannan wata za mu kai ku wata ƙasa ta Turai mai suna Holand. Tana bakin teku, tana iyaka da Beljik da Jamus. Ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta kusan daidai yake da na jihar Maraɗi, amma a shekarar 2024 mutanenta sun kai miliyan 18. Kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Yaro yana zuwa lakkwal a kan keke, likita yana zuwa asibiti a kan keke, tsohuwa ma a kan keke take zuwa kasuwa.

An yi wa keke hanyoyinsa na kansa, inda mota ba ta bi. Ɗaya daga cikinsu tana bin bakin teku tun daga iyakar Beljik har iyakar Jamus. Tsawonta ya kai kilomita 610, wato ya kusa tsawon hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Farkon wannan hanya yana cikin wani lardi na manoma da masunta da ake kira Zeland. Ma'anar sunan ita ce ƙasar teku. Can za mu bi da ku.

Gonar da ke ƙasa da ruwa

Abin da zai fara ba baƙo mamaki a Zeland shi ne ganuwa. Kun san ganuwar da mutanen da suke yi wa birni don tsoron mahara. To, a can teku ce maharar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holand yana ƙasa da bakin teku. Da babu ganuwa, da ruwa ya cinye gonaki da garuruwa masu yawa.

A wurare da dama hanyar keke a kan ganuwar take, ko a gindinta. In mai keke ya nufi arewa, teku tana hannunsa na hagu, gonaki suna hannunsa na dama. Sau biyu a rana teku takan cika ta janye. In ta cika, sai ya ga ruwa ya fi gonar tsawo. Jirgin ruwa yana sama, saniya tana ƙasa tana kiwo.

Yawancin gonakin nan daga ruwa aka ƙwato su. Mutane sukan kewaye wani yanki na laka da ganuwa, su haƙa lambatu, su fitar da ruwan. A da iska ce take juya injin fitar da ruwan, yanzu lantarki ne. Ƙasar da aka samu laka ce mai ƙarfi kamar ta fadama.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Saboda haka tun shekaru fiye da 700 da suka wuce manoman ƙasar suka kafa majalisun ruwa. Kowa yana ba da kasonsa na kuɗin gyaran ganuwa, kuma jama'a ce take zaɓen wakilanta. Dalili a fili yake: in ganuwa ta fashe a gonar mutum ɗaya, ruwan ba zai tsaya a iyakar gonarsa ba.

Makiyayi ma yana da nasa aiki. Mai keke zai riƙa ganin tumaki a jikin ganuwa. Suna cin ciyawa, sai ta yi kauri, saiwarta ta riƙe ƙasa. Suna kuma tattake ƙasar da kofatansu ta daɗa ƙarfi. Tunkiya ta ƙoshi, ganuwa ta tsaya.

Daren 1953

Mutanen Zeland ba su manta da daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953 ba. Iska mai ƙarfi ta taso daga arewa maso yamma, ta haɗu da cikar teku. Ganuwa ta fashe a wurare da yawa, mutane suna barci. Mutum 1836 suka mutu a ƙasar. Dubban shanu da dawaki da tumaki suka halaka. Ruwan gishiri ya kwanta a gonaki, wasu har wata da watanni. Bayan an fitar da shi, sai da ƙasa ta yi shekaru kafin ta koma ba da amfani kamar da.

Daga nan gwamnati ta ɗauki aniyar toshe bakunan da teku take shigowa ta cikinsu. Aikin ya ɗauki shekaru fiye da 40. Mafi girma cikin madatsun, Sarauniya Beyatiris ce ta buɗe ta a watan Oktoba 1986. Tsawonta ya kai kilomita 9, tana da ƙofofin ƙarfe 62. Da farko an so a rufe bakin gaba ɗaya. Masunta da masu kare halittun ruwa suka ƙi, don kifinsu da sauran abin da suke kamawa ba za su rayu ba in ruwan teku ya daina shiga. Aka saurare su. Shi ya sa ƙofofin suke a buɗe kullum, sai in an ga ruwa zai hau mita 3 sama da ma'auni ake sauke su.

Hanyar keke ta bi ta kan wannan madatsa. Wanda ya ratse gabas kaɗan zai isa ƙauyen Awarkerk. A can ne aka toshe ɓaraka ta ƙarshe a watan Nuwamba 1953, da wasu manyan akwatunan siminti guda 4. Yau cikin akwatunan nan aka yi gidan tarihin ambaliyar.

Yaya baƙo yake gane hanya?

Da lamba yake ganewa. Kowace mararraba tana da lambarta a kan allo. A gefe akwai kibiya mai nuna lambar mararraba ta gaba. Kafin mutum ya tashi, sai ya duba taswira, ya rubuta lambobin da zai bi a takarda, misali 12, 47, 50. In ya isa 12, sai ya nemi kibiyar 47. Ko bai ji harshen ƙasar ba, muddin ya san lissafi, ba zai ɓace ba. Wani injiniyan ma'adinai ɗan Beljik, Hugo Bollen, shi ya fito da wannan dabara. An fara aiki da ita a ƙasarsu a 1995, sannan Holand ta ɗauka.

Inda ruwa ya raba hanya, akwai jirgi. Tsakanin garin Bereskens da garin Filisingen, tun 2003 jirgin ba ya ɗaukar mota, sai masu keke da masu tafiya a ƙasa. Akwai kuma wata gada mai tsawon kilomita 5 da aka buɗe a 1965, ita ma da gefen keke.

Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, babu dutse babu hawa. Wahalar mai keke ɗaya ce, iska. Yawanci daga kudu maso yamma take busowa. Mai wayo sai ya tashi daga kudu ya nufi arewa, iska tana tura shi. Matafiyi yakan rataya jaka biyu a bayan keke kamar mangala a bayan jaki, ya sa tufafi da guzuri da rigar ruwa. An fi yin wannan yawo daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da muke cikin damana. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10 na dare.

Me manomi yake samu?

Mai mota yakan wuce gona da gudu. Mai keke kuwa a hankali yake tafiya, yana jin yunwa da ƙishirwa, kuma tsayawa ba ta yi masa wuya. Manoman Zeland sun gane haka.

A bakin gonaki da yawa za ka ga ɗan tebur ko rumfa. A kai akwai dankalin turawa, albasa, ƙwai, tuffa, zuma ko cuku. An rubuta kuɗin kowane abu. Sau da yawa babu mai tsaro. Mai saye ya ɗauki abin da yake so, ya jefa kuɗi cikin akwati, ya wuce. Manomi yana can yana aikinsa. Babu dillali, babu kuɗin kamiyo.

Wasu manoma sun ware fili kusa da gida inda baƙi suke kafa tanti su kwana. Suna biyan kuɗin wuri da na ruwan wanka. Hukumar gari ce take ba da izini, ita take ƙayyade yawan tantunan. Akwai kuma wata ƙungiya da aka kafa a 1984, ma'anar sunanta Abokai a Kan Keke. Mutanen da suke cikinta suna saukar da matafiyi a gidajensu, su ba shi makwanci da karin kumallo a kuɗi kaɗan. Sharaɗin shi ne ya zo a kan keke ko a ƙasa. Wannan kuɗi yana rufa wa manomi asiri a shekarar da gona ba ta yi kyau ba.

Albasar da ke gamuwa da ta Galmi

Cikin abin da mai keke zai gani a gonaki akwai alkama, dankalin turawa, da wata saiwa mai kama da babban dankali wadda ake fitar da sukari daga cikinta. Akwai kuma albasa. Holand tana cikin ƙasashen da suka fi sayar da albasa waje a duniya, kuma da yawa cikin manyan rumbunan da ake tsince ta a zuba a buhu suna Zeland. Senegal da Kodebuwa suna cikin manyan masu sayenta. A kasuwar Abijan takan gamu da albasarmu ta Galmi, kowace tana neman mai saye.

Amma manomin albasa na Zeland yana da tasa damuwa. Ruwa ya kewaye shi, sai dai na gishiri ne. A wurare da yawa ruwan lambatu da na ƙarƙashin ƙasa ba su yin ban ruwa. A 2018 aka yi fari mai tsanani a Turai. Manoma suna kallon ruwa ta ko'ina, albasa tana bushewa a gona. Tun daga nan wasu suke haƙa tafkuna don tara ruwan sama na lokacin sanyi, su yi ban ruwa da shi in zafi ya zo.

Teku ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Cikin shekaru 100 da suka wuce, ruwanta ya ƙaru da kimanin taƙi ɗaya a bakin Holand, saboda duniya tana ƙara zafi. Don haka aikin ganuwa ba ya ƙarewa. Ana duba ta kowace shekara, inda ta yi rauni a ƙara mata ƙasa da dutse. Sau da yawa, in an gama gyara, sai a shimfiɗa hanya a jikinta don motocin masu aiki, masu keke su ma su samu wurin bi. Ganuwar da take tsare gonar manomi ita ce take kawo masa mai saye har ƙofar gida.