Ƙarar Ƙofar Gareji: Sababinta da Maganinta

Ƙofar gareji, ko mai naɗewa sama ce ko mai tafiya bisa layi, ba ta kama ƙara haka kawai, domin kowane sauti yana da illar da yake nunawa, kuma wajibi ne mai gida ya kasa kunne tukuna kafin ya ɗauki sifana. Idan ƙugi ne siriri, galibi bushewa ce da tsatsa a hinji ko tayoyi. Idan kwaramniya ce, to notuna ne suka saki saboda yawan jijjiga, sai a ɗaure su daidai gwargwado. Amma idan gurza aka ji, ko dai yashi ya cika layin ko boris ya mutu.

A nan ne jama'a suka fi yin kuskure, musamman lokacin hunturu, da suke lafta baƙin mai ko giris cikin layin, alhali kuwa ƙura takan manne masa har ya daskare, ya riƙa cin tayoyin sannu a hankali. Abin da ya dace shi ne a share layin, a goge shi da tsumma mai ɗan kananzir, sa'an nan a ɗiga mai kaɗan a hinji da boris kaɗai.

Sifirin kuwa al'amarinsa daban ne. A ɗaga ƙofar zuwa rabi a sake ta; in ta faɗo da nauyi, ya yi rauni ke nan, kuma lalle a kira gwani, gama ƙarfin da ke ɗaure cikinsa ya isa ya karya hannu.